Zaɓen Babur Mai Ƙafa Huɗu Domin Shaƙatawa da Ƙananan Ayyuka

GABATARWA

A 'yan shekarun nan wani irin abin hawa ya fara yawaita a ƙasarmu, wanda a da can sai a majigi ake ganinsa. Wannan kuwa shi ne babur mai ƙafa huɗu, wanda Turawa ke kira ATV, watau abin hawan da aka ƙera domin bin ƙasa iri-iri: rairayi, da taɓo, da tsakuwa, da tudu, da kwari. Ana ganinsa a bakin teku a Legas, inda ake ba da hayarsa ga masu yawon shan iska. Ana ganinsa a manyan gonaki da wuraren kiwo. Wasu masu hali kuma sukan sayi ƙananansa su ba 'ya'yansu.

Abin hawa ne mai amfani ga wanda ya san shi, amma ya hallaka mutane da yawa waɗanda suka ɗauke shi abin wasa. Kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne, tun da yake daga waje ake shigo da shi. Saboda haka aka shirya wannan ɗan littafi, domin duk mai niyyar saye ya san abin da zai duba kafin ya saki kuɗinsa, ya kuma san abin da zai kiyaye bayan ya kai shi gida. Muna roƙon wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

ASALINSA

Kamfanin Honda na ƙasar Japan ne ya fara yaɗa irin wannan abin hawa, a shekarar 1970. Dillalansa na Amurka ne suka nemi a ƙera musu wani abin da za su riƙa sayarwa lokacin hunturu, sa'ad da cinikin babura ke ja da baya. Wani injiniya mai suna Osamu Takeuchi ya fito da ɗan babur mai ƙafa uku, ɗaya a gaba biyu a baya, da manyan tayoyi masu taushi. Da farko domin wasa aka yi shi. Ba a jima ba manoma da makiyaya suka ga yana shiga inda mota ba ta shiga, yana kuwa shan mai kaɗan, suka mai da shi abokin aiki.

A shekarar 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu, sauran kamfanoni suka bi sawu. Mai ƙafa ukun nan kuwa ya zama annoba, domin saurin kifewa gare shi, kuma yara da yawa sun mutu a kansa. A shekarar 1988 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanoni biyar, watau Honda, da Yamaha, da Suzuki, da Kawasaki, da Polaris, aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a can, aka kuma wajabta musu koyar da masu saye da liƙa gargaɗi a jikin kowane babur. Darasi na farko ke nan ga mai saye: in aka kawo maka tsohon mai ƙafa uku irin wannan, komai araharsa, ka bar shi. Kada kuma a haɗa shi da keken ɗaukar kaya ko na fasinja da muka saba gani a titunanmu. Wannan dabam, wancan dabam.

TAMBAYA TA FARKO: ME ZA KA YI DA SHI?

Yawancin masu da-na-sani a kan wannan ciniki, ido ne ya saya musu. Kafin ka taka shagon dillali, zauna ka amsa wa kanka waɗannan tambayoyi:

1. Wane aiki zai riƙa yi mini kullum, wane kuma sai jifa-jifa?
2. Wace irin ƙasa zai bi: shimfiɗaɗɗiya ce, ko mai gangare, ko fadama, ko rairayi?
3. Wane ne zai hau shi, shekarunsa nawa, ya kuma taɓa hawan irinsa?
4. Nauyin kayan da zan ɗora masa ya kai nawa?
5. In ya lalace, wa zai gyara shi, ina kuma zan sami kayan gyara?

Ayyukan da ya dace da su su ne kewaya gona ko lambu, da duba shinge da dabbobi, da kai abinci ga ma'aikata, da ɗaukar buhun taki ko jarkar ruwa, da jan 'yar ƙaramar tirela ta ciyawa ko itace, da fesa magani, sai kuma yawon shan iska a fili. Wanda ke son noma da huɗa, tarakta ko garmar shanu yake bukata. Wanda ke son kai amfanin gona kasuwa a kan hanya, keken ɗaukar kaya ya fi masa sauƙin kuɗi, kayan gyaransa kuwa suna ko'ina. Wanda ke son abin zuwa ofis ko kai yara makaranta, ya nemi mota ko babur na sosai. Babu laifi mutum ya auna ya ga ba ya bukatarsa, ya riƙe kuɗinsa.

IRE-IRENSA

Na aiki. Wannan shi ne ya fi dacewa da mai son haɗa shaƙatawa da ƙananan ayyuka. Yana da kariya gaba da baya, da wurin ɗaura tirela, sirdinsa kuma mai daɗin zama. Nauyinsa yakan kama daga wajen kilo 200 zuwa 400. Misalinsa su ne Honda Rancher, da Yamaha Kodiak, da Suzuki KingQuad, da Polaris Sportsman, da Can-Am Outlander na ƙasar Kanada. Kamfanin CFMoto na ƙasar Sin da Kymco na Taiwan su ma suna ƙera irinsa.

Na tsere. Ba shi da nauyi, gudu gare shi ƙwarai, ƙafafun baya kaɗai ke jansa, yawanci da kuloci da giyar ƙafa. Ba shi da kariya, ba shi da amfani ga aiki. Yamaha Raptor misalinsa ne. Bai dace da ɗan koyo ba ko kaɗan.

Na yara. Ƙanana ne, da ƙaramin inji da wani noti na rage gudu wanda uba zai iya ɗaurewa. Za mu yi maganar yara a gaba.

Na mutum biyu. An tsawaita shi, an yi wa na baya sirdinsa da majingina da wurin riƙo da wurin sa ƙafa. Shi kaɗai ne aka yarda a ɗauki wani a kansa.

Mai sitiyari. Wannan ya fi kama da 'yar ƙaramar mota. Mutum biyu ko fiye ke zama kafaɗa da kafaɗa, akwai ɗamarar kujera, da ƙarafan kariya bisa kai, da akwatin kaya a baya. Kawasaki Mule, wanda ya fito a 1988, yana cikin na farko. Ya fi tsada, ya fi faɗi, amma wanda zai riƙa ɗaukar mutum ko kaya mai nauyi, ko dattijon da ƙarfinsa ya ragu, shi ya fi masa.

GIRMAN INJI

Ana auna girman inji da awon da ake rubutawa cc. Lambar da ke jikin babur, kamar 250 ko 450, yawanci ita ke nuna wannan awo, ko abin da ya yi kusa da shi.

Daga 50 zuwa 125: na yara da matasa.
Daga 200 zuwa 300: na ɗan koyo, da yawo a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da kaya marar nauyi.
Daga 400 zuwa 550: matsakaici, wanda ya isa kusan duk aikin gona da muka ambata.
Daga 700 zuwa 1,000: na aiki mai tsanani da gwanayen mahaya.

Dillali zai so ya sayar maka da babba, domin ribarsa ta fi yawa. Ka tuna babban inji ya fi shan mai, ya fi nauyi, kuma waɗansunsu suna wuce kilomita 100 a awa, gudun da ba wanda ke bukatarsa a gona. Nauyin nan kuwa a kan mahayi yake sauka ranar da aka kife. Magidancin da ke son kewaya gonarsa ranar aiki, ya ɗan sha iska ranar hutu, matsakaici ya ishe shi har da saura.

ABUBUWAN DUBAWA A JIKINSA

Ƙafafun da ke ja. Akwai wanda ƙafafun baya kaɗai ke jansa, akwai wanda duka huɗun ke ja. Na farko ya fi araha da sauƙin gyara, ya kuwa isa a busasshiyar ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Mai gona a fadama, ko a ƙasar Kudu mai yawan ruwa, ko a wuri mai hawa da gangara, gara ya nemi na biyu, musamman mai maɓallin da ake sauyawa daga biyu zuwa huɗu sa'ad da ake bukata.

Giya. Wasu da ƙafa ake sa musu giya kamar babur. Wasu kuwa da kansu suke sauyawa ta hanyar bel na roba. Mai bel ya fi sauƙin koyo, amma bel ɗin yana ƙonewa in ana jan kaya da babbar giya, yana kuma santsi in ruwa ya shige shi. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata yana da giyar baya, in kuwa mai bel ne, ya kasance da ƙaramar giya ta jan kaya.

Sanyaya inji. Wani iska ke sanyaya shi, wani ruwa ta hanyar lagireto. Na iska ba shi da yawan tarkace, amma yakan ɗauki zafi in ana tafiya a hankali da kaya a cikin bazara. Na ruwa ya fi jure wannan, muddin ana wanke masa taɓo da ƙaiƙayin da ke toshe lagireto.

Shan mai. Tsofaffi da masu araha kafireto gare su, wanda kowane bakaniken babur ya sani. Sababbi kuwa na'urar lantarki ke fesa musu mai. Sun fi tsimin mai da saurin tashi, amma gurɓataccen fetur yana ɓata su, gyaransu kuma sai mai na'urar bincike. Wanda ke zaune nesa da babban gari ya auna wannan da kyau.

Sarƙa ko farfela. Sarƙa tana son mai da ɗauri a kai a kai, rairayi kuwa yana cinye ta. Na aiki yawanci farfela ke juya ƙafafunsu, a rufe take, ta fi daɗewa.

Ƙafafun baya. Wasu sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su, wasu kowace ƙafa da shakazobarta. Na farko ya fi sauƙin gyara, ya kuma fi riƙe nauyin tirela. Na biyu ya fi taushi a kan gargada, cikinsa kuma ya fi nisa da ƙasa.

Dacewa da jiki. Gani ya kori ji. Hau ka zauna. Ƙafafunka su taka matakai sosai gwiwa a lanƙwashe. In ka miƙe tsaye a sami tazara tsakaninka da sirdi. Hannuwanka su kai birki ba tare da miƙa ba. Ka iya juya kan har ƙarshe dama da hagu, babban yatsanka bai bar totur ba, domin da babban yatsa ake danna toturinsa, ba murɗawa ake yi ba.

KAYA DA JAN TIRELA

A jikin kowace kariya akwai rubutun iyakar nauyin da za ta ɗauka. Alal misali, a matsakaicin babur kamar Honda Rancher, ta gaba kilo 30 ce, ta baya kilo 60, abin da zai ja a tirela kuwa bai kai kilo 400 ba. Ma'anar wannan a gona ita ce: buhun taki ɗaya mai kilo 50 a baya, jarkar ruwa ɗaya mai lita 25 a gaba. Buhun masara mai kilo 100 ya wuce ƙarfin kariyar. Ko injin ya ja, nauyin zai ɗaga ƙafafun gaba, kan ya daina jin juyi, da an zo hawa kuwa sai babur ya miƙe ya faɗo wa mahayi.

A raba kaya gaba da baya, a ɗaure tam, kada a tula su sama. Tankin feshi yana da nasa haɗari na musamman: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwan yana kai-kawo a ciki, da an karkata sai duk nauyinsa ya koma gefen gangare. Tirela kuwa a wurin da aka tanada kaɗai ake ɗaura ta, ba a jikin kariya ba, kuma a tuna mafi yawan ƙananan tireloli ba su da birki, nauyinsu yana turo babur a gangara.

ƘASARMU DA YANAYINMU

Waɗanda suka ƙera waɗannan babura ba su san harmatan ba, watau ƙurar hunturunmu. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji. Saboda haka ka zaɓi wanda matatar iskarsa ke da sauƙin cirewa da wankewa, ka kuma riƙa duba ta fiye da yadda littafin ya ce.

Tayoyinsa iska kaɗan suke sha, wajen 4 ko 5 a gejin masu faci, alhali tayar mota tana shan 30 ko fiye. Mai facin da bai sani ba zai cika ta kamar ta mota, babur ya riƙa tsalle, ko tayar ta fashe. Ka nemi ƙaramin gejin da ake sayar da shi tare da babur, ka ajiye shi a akwatinsa. In iskar dama da ta hagu ba su yi daidai ba, babur zai riƙa ja gefe guda. A ƙasar ƙaya kuma, irin ta aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, a nemi taya mai kauri, a riƙa tafiya da kayan faci da famfo.

A wurare masu tsauni kamar Jos, da Mambila, da Obudu, ratsa gangare a karkace shi ne mafi haɗari. A tuddan rairayi irin na Yusufari a Jihar Yobe, mahayi ba ya ganin abin da ke bayan tudu sai ya kai bisa. Da damina kuwa ciyawa tana rufe rami da kututture da gidan gara. Rafin da ruwansa ya wuce matakan ƙafa, ko mai gudu, kada a shige shi.

SABO KO NA HANNU

Sabo daga amintaccen dillali yana zuwa da littafinsa da alkawarin gyara na wani lokaci. Ka karɓi alkawarin a rubuce. Ka tambayi dillali ya nuna maka bel, da matatar iska, da birki, da taya a shagonsa, domin babur ɗin da za a jira wa kayan gyara daga ƙetare wata uku, ajiya ce ba abin hawa ba. Ka guji wanda ba shi da sunan kamfani, ko lamba, ko littafi. Araha ba ta ado. Kayan da ake shigo da su sababbi suna ƙarƙashin binciken Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, saboda haka kana da ikon neman shaidar cewa ya bi ta hanyar da ta dace.

In na hannu ne, tafi da bakaniken da ka yarda da shi, da rana, ku duba waɗannan:

1. A tayar da shi injin na sanyi. Wanda aka ɗumama kafin ka iso, wataƙila akwai abin da ake ɓoyewa.
2. Hayaƙin salansa. Shuɗi alamar cin baƙin mai ce. Fari mai yawa wanda ba ya ɗaukewa alamar ruwa ne a inji.
3. Baƙin mai. In ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shige shi.
4. Gangar jiki. A leƙa ƙasa a nemi tsaga, ko walda, ko lanƙwasa, ko sabon fenti a wuri guda.
5. A ɗaga kowace ƙafa a girgiza ta. In tana kaɗawa, boris ko mahaɗai sun ci.
6. Robobin da ke rufe mahaɗan ƙafafu. In sun yage, ƙasa ta riga ta shiga.
7. Birki, da giya duka har da ta baya, da fitilu, da maɓallin kashe inji.
8. Lambar da aka buga a ƙarfen gangarsa ta yi daidai da ta takarda, ba kankara ba gogewa.

Ka karɓi takardun kwastan da rasit mai sunan mai sayarwa da shaidu. Wanda ya sayi kayan sata ko na fasa-ƙwauri, ya yi asarar kuɗi, ga kuma tuhuma.

KUƊIN RIƘO

Farashin saye somin taɓi ne. Farashinsa da na kayan gyaransa suna bin canjin kuɗin waje, fetur kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Ka lissafta fetur, da baƙin mai, da taya huɗu, da batir, da ladan bakanike, da ɗakin ajiya mai kulle, da motar da za ta kai shi fili in gidanka a cikin gari yake. Tun ranar saye kuma ka ware kuɗin hular kwano mai inganci, da tabarau na kare ido, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Wanda kuɗinsa bai kai na hula ba, bai kai na babur ba.

DALILIN HAƊARINSA

Mutane sukan ce abu mai ƙafa huɗu ai ba ya faɗuwa. Wannan kuskure ne babba. Babur ɗin dogo ne, ba shi da faɗi, mahayi kuma a can bisa yake zaune, don haka kifewa ba ta yi masa wuya. Da yawansu ƙafafun baya tare suke juyawa da gudu ɗaya, ko a kan kwana. A kan ƙasa tayar ciki takan ɗan zame, kwana ta yiwu. A kan kwalta kuwa taya tana kama ƙasa, sai babur ya ƙi juyawa ko ya wuntsila. Shi ya sa masu ƙera shi da kansu suka rubuta a jikinsa cewa kada a hau da shi kwalta.

Har ila yau, da jiki ake tuƙa shi. A kwana mahayi yakan karkata ciki, a hawa ya matsa gaba, a gangara ya ja baya. Dogon sirdin nan domin wannan motsi aka yi shi, ba domin goyo ba. In an ɗauki wani, mahayi ya rasa wurin motsi, nauyi kuma ya koma baya.

Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta ƙidaya mutane fiye da 15,000 da suka mutu a kan irin wannan babur a ƙasar daga 1982 zuwa 2018, kuma wajen ɗaya cikin biyar yara ne da ba su kai shekara 16 ba. A Ostareliya ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, yawanci ta hanyar danne mahayi har numfashinsa ya yanke. Saboda haka daga watan Oktoba na 2021 dokar ƙasar ta wajabta sa wani ƙarfe a bayan sirdin kowane sabon babur na aiki, wanda zai tokare ƙasa in an kife, ya bar wa mutum sarari. Ƙasar Ayalan kuma ta wajabta horo da hular kwano ga masu aiki da shi tun daga Nuwamban 2023. Ya kamata mu ɗauki darasi daga abin da ya sami wasu, kada mu jira ya same mu.

MAGANAR YARA

Wannan jan kunne ne ga iyaye musamman. Yaron da bai kai shekara 6 ba, kada a ɗora shi ko a goya shi. Wanda bai kai 16 ba, kada ya hau na manya, ko da sau ɗaya ne, ko da a tsakar gida ne. Yawancin yaran da suka mutu, a kan na manya suka mutu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma shawararta ita ce kada yaro ya hau kowane iri sai ya cika 16. Uban da ya ga lalle sai ya saya, to ya sayi daidai da shekarun da aka rubuta a jiki, ya ɗaure notin rage gudu, ya sa wa yaro hula, ya tsaya a kansa har ya sauka. Kada a sayi babba da sunan wai yaro zai girma ya tarar da shi. Makulli kuwa a aljihun uba yake kwana.

ƘA'IDODIN HAWA

1. Karanta littafinsa, ka nemi wanda ya iya ya koya maka a fili shimfiɗaɗɗe.
2. Sa hular kwano ka ɗaure igiyarta kullum, ko tafiyar kusa ce.
3. Kafin ka tashi duba iska, da birki, da totur, da baƙin mai, da fetur.
4. Ban da goyo, sai a kan wanda aka ƙera domin mutum biyu.
5. Ban da kwalta, ban da tsere a cikin unguwa, ban da wasan nuna bajinta a biki.
6. Ban da hawa bayan shan abin maye ko maganin da ke sa barci.
7. Ƙafafu su zauna a kan matakai. Wanda ya sauke ƙafa, tayar baya za ta take ta.
8. Gangaren da ka yi shakkarsa, kewaye shi.
9. Faɗa wa na gida inda za ka da lokacin komowarka, ka tafi da waya da ruwan sha.

Game da rajista da lamba da lasin, ka tuntuɓi ofishin ba da lasin na jiharka ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya kafin ka saya. Ka sani kuma waɗansu jihohi sun taƙaita hawan babura a wasu yankuna saboda tsaro, don haka ka bincika halin da ake ciki a inda za ka yi amfani da shi.

IN HAƊARI YA AUKU

A kashe inji. In babur ya danne mutum, a taru a ɗaga shi nan da nan, domin nauyi a kan ƙirji yana hana numfashi. Kada a ja wanda ya ji ciwo, kada a lanƙwasa wuyansa ko bayansa, kada a cire masa hula sai in tana hana shi numfashi. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. A kira lamba 112 ko 122, ko a kai shi asibiti a kwance bisa katako. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, likita ya duba shi.

HAƘƘIN JAMA'A

Jin daɗinka kada ya zama ɓacin ran wani. Kada ka ratsa shukar mutane, ko ka firgita garke a burtali ko mashaya, ko ka turnuƙe masu tafiya a ƙasa da ƙura. Rage gudu kusa da gidaje, da makarantu, da wuraren ibada. Gandun daji da wuraren ajiye namun daji ba a shigarsu sai da izinin hukuma. Tayoyin nan kuma suna ƙwaƙule jiƙaƙƙiyar ƙasa, sawunsu ya zama hanyar ruwa, daga nan zaizaya ta fara. Bi hanyar da ke akwai, kada ka buɗe sabuwa.

KAMMALAWA

A taƙaice, mai son babur mai ƙafa huɗu domin shaƙatawa da ƙananan ayyuka ya nemi na aiki, matsakaicin inji, daidai da jikinsa da ƙasarsa, wanda kayan gyaransa ke kusa, takardunsa kuma cikakku. Ya sayi hula tare da shi, ya koyi hawa kafin ya shiga daji, ya hana yara na manya, ya bar kwalta ga motoci. Rigakafi ya fi magani. In akwai abin da ya shige maka duhu, tambayi malamin gona na yankinku, ko jami'in kiyaye haɗurra mafi kusa, kafin ka biya kuɗi. Allah ya kiyaye mu, ya sa abin da muka saya ya amfane mu.